Yadda Ake Cin Moriyar Wuni Guda a Nadi, Ƙasar Fiji

Wanda ya kusa kwana biyu a hanya kafin ya sauka Fiji, zuciyarsa takan raya masa cewa sai ya fanshe kuɗin tikitinsa a wuni ɗaya. Sai ya jero wurare bakwai a takarda, ya wuni a bayan tasi, ya dawo masauki da ciwon kai da hotunan da shi kansa ba zai iya tuna inda ya ɗauke su ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Tsarin da zan kawo a nan wuni ne da aka raba biyu: safiya ta ƙasa ce, yamma ta teku ce, kuma a kowane rabi abu ɗaya ne babba.

Fiji tarin tsibirai ne sama da 330 a kudancin tekun Fasifik, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake zaune a kansu. Babban cikinsu shi ne Viti Levu. Suva, babban birnin ƙasar, tana gabashinsa inda ruwan sama ya fi yawa, Nadi kuma tana yamma inda rana ta fi fitowa, kuma nan ne babban filin jirgin sama yake. Kafin komai a gyara harshe: ana rubuta Nadi amma "Nandi" ake faɗa, don a harshensu ana furta d da n a gabanta, b kuma da m. Shi ya sa gaisuwarsu ta bula take fita kamar "mbula". Na gode kuwa vinaka ne. Waɗannan kalmomi biyu za su yi maka aiki fiye da yadda kake zato.

Masu fasfon Najeriya da na Ghana suna cikin waɗanda ake buga wa izinin ziyara a filin jirgi, muddin akwai tikitin komawa da adireshin masauki. Dokar shige da fice takan canza, don haka a sake dubawa kafin a yanki tikiti, musamman bizar ƙasar da za a ya da zango, domin Ostireliya da Niyu Zilan ba sa wasa da wannan. A riƙe katin rigakafin shawara. Kilishi, dambun nama, zuma, daddawa, goro da duk wani abin ci da ke jaka, a rubuta shi a takardar da ake cikewa a jirgi. Jami'ansu na kare amfanin gona da dabbobi suna bincike sosai, kuma gara a karɓe maka kilishi ka yi ta ƙunƙuni da a ci ka tara.

Wunin yana farawa ne tun daren jiya

Kada ka sa wannan fita washegarin saukarka. Agogon Fiji yana gaban na Kano da Yamai da awa 11, na Accra da awa 12, wato dare da rana sun juye maka gaba ɗaya. Ka ba jikinka kwana ɗaya ko biyu. Kada kuma ka sa ta ranar Lahadi: yawancin shaguna a rufe suke, ƙauyuka suna coci, ba a son a dame su. Asabar ce ranar da kasuwa ta fi cika, amma kowace rana daga Litinin ta wadatar. Game da lokacin shekara, daga Mayu zuwa Oktoba ne rani da ɗan sanyi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce da zafi, kuma lokacin guguwar teku ne. Wadda aka yi a Fabrairun 2016, mai suna Winston, har yanzu ana ba da labarinta.

Da daddare ka yi abu uku. Na farko, ka je teburin masu shirya yawo a otal, ko ka buga waya, ka kama gurbi a jirgin ruwan da ke tashi wajen tsakar rana daga tashar Denarau da ke kusa da Nadi zuwa ɗaya daga cikin ƙananan tsibiran Mamanuca. Akwai na safe mai ɗaukar wuni sukutum, akwai na rabin wuni, kai na biyun kake so. Ka tambayi takamaiman lokacin tashi da na dawowa, ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da abinci da kayan kallon ƙarƙashin ruwa, kuma tun a nan ka faɗi abin da ba ka ci.

Na biyu, ka daidaita da direba. Tasi mai rajista lambarta tana farawa da LT, kuma tana da mita. Amma tun da za ka riƙe mutum daga safe zuwa hantsi, ku yanke farashi tun da dare, a fayyace cewa na duka tafiyar ne har da zaman jira, kuma da dalar Fiji. Naira da sefa ba su da mai karɓa a can. Ka zo da dalar Amurka ka canza a gari, ka riƙe ƙananan takardu don kasuwa. In ka ci karo da takardar dala 7 kada ka ɗauka ta jabu ce. Sun buga ta ne don murnar zinaren da 'yan wasansu na zari-ruga suka ci a gasar Olamfik ta 2016.

Na uku, jaka. Tufafin da za ka jiƙa da waɗanda za ka sauya, tawul, leda don jiƙaƙƙun kaya, takalmin roba mai rufe ƙafa, man kariya daga rana, man sauro, gorar ruwa, ƙaramar darduma, da zani. Har kai namiji, zani. Su sulu suke kiransa, maza na ɗaura shi zuwa ofis da coci, kuma zai yi maka amfani a wurare da yawa. Ka sa waya a caji. Kan soket ɗinsu irin na Ostireliya ne, mai baki a karkace, don haka cajarka ta gida sai da mahaɗi.

Asuba

Bahaushe ya saba in an ce alƙibla ya nemi gabas, har ma kalmomin biyu sun kusa zama ɗaya a bakinmu. A Nadi abin ya juye: Makka tana yamma, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa. Wato inda rana take faɗuwa can za ka fuskanta. Ka tabbatar da manhajar waya tun da dare, ka sa alama a ɗakin, don da magagin barci ƙafa takan juya mutum inda ta saba. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye, a mazhabar Malikiyya ya fita daga hukuncin ƙasaru, sai ya cika sallarsa.

Bayan salla lokacin kiran gida ne. Ƙarfe 7 na safe a Nadi ƙarfe 8 na daren jiya ne a Kano, an idar da isha ana hira. Layin waya na Vodafone ko Digicel ana samunsa tun a filin jirgi. Ka karya da abu marar nauyi, gwanda da shayi da burodi sun isa, don akwai jirgin ruwa a gaba.

Kasuwar Nadi, wajen ƙarfe 7

Ka fara da kasuwa, ba don sayayya kaɗai ba. A nan ne za ka gane wace irin ƙasa ka zo. Teburi bayan teburi an kasa kaya kashi-kashi kamar a gida: rogo, gwaza, dankali, ayaba, abarba, barkono, kuɓewa, yalo, citta, ɗanyen kifi. Gwaza su dalo suke ce mata, rogo tavioka, dankali kumala. Ana sayarwa ne da kashi, kuma farashin kayan gona kusan a tsaye yake. Irin tayin da muke yi na raba kuɗi biyu ba ya karɓuwa a wajen matar da ta taso daga ƙauye tun dare da kayanta. Ka biya, ka ce vinaka.

Za ka lura da fuska iri biyu. Akwai 'yan asalin ƙasar, iTaukei, akwai kuma jikokin Indiyawan da Turawan Birtaniya suka kwaso tsakanin 1879 da 1916 don aikin rake a ƙarƙashin kwantiragin da ake kira girmit. Kimanin mutum 60,000 aka kawo, da yawa ba su koma ba. Daga cikinsu ne Musulmin Fiji suka fito, kusan kashi 6 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma ƙungiyarsu ta Fiji Muslim League tana nan tun 1926. Amfanin wannan tarihi gare ka a yau shi ne akwai masallatai a Nadi da Lautoka, akwai gidajen abinci na halal, kuma in ka ga mai hula ko mai hijabi a bayan teburi ka yi sallama, za a amsa, a kuma nuna maka inda za ka ci abinci hankali kwance.

Ka sayi abarba a fere maka ita nan take. Ka sayi ɗanyar kwakwa, wadda suke kira bu, a sare kanta ka sha. In ka zaɓi zuwa ƙauye, a nan za ka sayi saiwar kava, zan zo kan wannan.

Da ka fito titi, ga abin da za ka kiyaye. Wani zai tare ka da fara'a, ya miƙo hannu, ya tambayi daga ina kake, ya tambayi sunanka. Kana faɗa, sai ka ga ya zaro takobin katako daga jaka ya fara sassaƙa sunan a jiki, kafin ka ankara ya ce tun da an rubuta sai ka biya. Tsohuwar dabara ce, kuma Bahaushe mai kunyar ƙin amsa gaisuwa shi ne ya fi saurin faɗawa. Ka amsa bula, ka yi murmushi, ka ci gaba da tafiya, sunanka ya tsaya a bakinka. Sauran mutanen garin fara'arsu ta gaskiya ce, kada mutum ɗaya ya sa ka ɗaure wa kowa fuska. Kuma wajen tsallaka titi ka tuna hannun hagu suke tuƙi, dama za ka fara dubawa.

A ƙarshen babban titi ta kudu akwai haikalin Hindu na Sri Siva Subramaniya, mai hasumiya cike da launuka da sassaƙe irin na kudancin Indiya. Daga bakin hanya ana ganinsa sarai, minti biyar sun isa. Mai son shiga harabar zai cire takalmi, ya rufe jiki, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki.

Hantsi: a zaɓi ɗaya

Arewa da filin jirgi akwai wurare uku da kowa ke ambata, duk cikin tafiyar da ba ta fi rabin awa daga gari ba. Direba zai ce maka ana iya haɗa su duka. Ana iyawa, amma ba ga wanda jirgin ruwa ke jira da tsakar rana ba.

Na farko lambu ne a gindin tsaunin da aka ce ya yi kama da ƙaton mutum a kwance yana barci, daga nan ya samo sunansa na Garden of the Sleeping Giant. Ɗan wasan kwaikwayo Raymond Burr ne ya fara shi a 1977 don furanninsa na okid. Ana bi ta wata rumfa da furanni ke reto ta ko'ina, a wuce kan hanyar katako zuwa cikin kurmi da tafkunan bado. Awa ɗaya ta isa. Shi ya fi dacewa da mai tafiya da dattijo ko ƙananan yara. A shafa man sauro kafin a shiga. Babu zazzaɓin cizon sauro irin namu a Fiji, amma akwai na dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo.

Na biyu, kusa da lambun, maɓuɓɓugar ruwan zafi ce da kududdufin taɓo na Sabeto. Za a ba ka bokitin baƙin taɓo ka shafe jiki, ka tsaya a rana ya bushe har fata ta ɗaure, ka shiga kududdufi ka wanke, sannan ka koma ruwan ɗumi. Akwai daɗi, jiki yakan saki. Sai dai maza da mata a haɗe suke, taɓon kuma ba ya barin farin tufafi. Wadda ke son shiga ta zo da tsohuwar doguwar riga mai duhu da dogon wando, wanda kuma wannan cakuɗa ba ta yi masa ba bai rasa wani babban abu ba.

Na uku shi ne nawa zaɓin: ƙauye. Viseisei, a bakin teku kan hanyar Lautoka, shi ne wanda tarihin baka ya ce a yankinsa kakannin iTaukei suka fara sauka. Ba a faɗa wa ƙauyen Fiji kamar an shiga kasuwa. Gida ne na mutane, yana da sarki, yana da mai unguwa da suke kira turaga ni koro, kuma baƙo da gaisuwa yake zuwa. Gaisuwar ita ce sevusevu: ɗaurin busasshiyar saiwar kava, kamar rabin kilo, wadda za ka saya a kasuwa a naɗe maka a takarda. Duk wanda ya taɓa kai goro gaban hakimi ya san ma'anar abin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka tafi da ɗan gari ko direban da ya san ƙa'ida, shi zai yi magana a madadinka.

Kafin ka sauka daga mota ka cire hula. Wannan shi ne abin da ya fi yi mana nauyi, don a wajenmu tsayawa gaban manya kai ba hula shi ne rashin ladabi, su kuma a wajensu sa hula a cikin ƙauye raini ne ga sarki. Tabarau ma a cire, kada a ɗora shi a ka. Mace mai ɗankwali ko hijabi ta sa ɗan rakiya ya yi bayani tun a bakin shiga, sun saba zama da Musulmi, sun san na addini ne. A rufe kafaɗa da gwiwa, a nan zanin nan zai fara aiki. A cire takalmi a ƙofar ɗaki. Kada a shafa kan kowa, har yaro ƙarami, don kai abu ne mai alfarma a al'adarsu. In za ka gitta ta kusa da wanda ke zaune, ka ranƙwafa ka ce tulou, kamar dai yadda muke cewa gafara.

Za a zaunar da ku a tabarma, maza su tanƙwashe ƙafa, mata su karkatar da ƙafafu gefe guda. A gaba akwai faffaɗan akushi na katako mai ƙafafu, tanoa. Wani saurayi zai zuba dakakkiyar saiwar a ƙyalle, ya riƙa matsa ta cikin ruwa da hannu biyu har ruwan ya koma kalar ruwan kududdufi bayan an yi ruwan sama. Sai ya ɗebo a ɓawon kwakwa, ya taho a durƙushe ya miƙo. Mai karɓa zai tafa sau ɗaya da tafin hannu a ɗan lanƙwashe kamar ƙoƙo, ya ce bula, ya shanye a tashi ɗaya, ya mayar da ƙoƙon, ya tafa sau uku. Ɗanɗanonta kamar ƙasa da ɗan yaji-yaji, kuma nan da nan harshe da leɓe sukan yi nauyi.

Kava ba giya ba ce, saiwar wani tsiro ne dangin masoro, amma tana kashe jiki, mai yawan sha kuma takan sa shi layi da barci. Saboda haka mutane da yawa suna kauce mata don addini ko don lafiya, kuma ba dole ba ce. Ka gaya wa ɗan rakiya tun a mota cewa za ka kawo gaisuwa amma ba za ka sha ba. Idan ƙoƙo ya zo kanka ka ɗaga tafin hannu cikin ladabi ka ce vinaka, za a wuce. Abin da ba a so shi ne ka karɓa ka kurɓa ka yatsine fuska. Mai juna biyu, mai ciwon hanta, da wanda zai shiga ruwa nan da awa biyu, duk barinta ya fi musu.

Bayan nan za a zaga da kai, ka ga cocin Methodist da filin tsakiyar gari da gidan sarki mai rufin ciyawa. Mata sukan shimfiɗa kayan hannu, har da masi, wani ƙyalle da ake bugawa daga ɓawon itace a yi masa zane da baƙi da ja-ja. In za ka sayi tsaraba, a nan ka saya, kuɗin a hannun mai aikin zai faɗa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

A hanyar dawowa gonakin rake ne hagu da dama, da siririn layin dogo a gefen titi. In lokacin yankan rake ne, daga tsakiyar shekara zuwa ƙarshenta, za ka iya cin karo da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa yana jan dogon jerin taragai zuwa masana'antar sukari ta Lautoka, wadda ke aiki tun 1903. Ka bar wa wannan rarar lokaci, don in ya tare hanya sai haƙuri. Ƙarfe 10 da rabi ka kasance cikin mota.

Denarau da jirgin ruwa

Mutanen Fiji suna da tasu lalacewar agogo da suke yi wa kansu dariya a kai, kuma da an makara sai ka ji sega na leqa, wato ba komai. Jirgin ruwan yawon buɗe ido ba ya cikin wannan. Ka isa tasha da rabin awa a hannu, ka karɓi tikiti, ka shiga banɗaki, ka cika gora. Mai saurin jin jiri ya sha maganinsa kafin a tashi, ya zauna ta tsakiya ko ta baya inda iska ke kaɗawa, ya kafe ido a can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya. Tsibiran da suka fi kusa tafiyar kamar rabin awa ce. Wasunsu ƙanana ne har kana iya zagaye su da ƙafa cikin 'yan mintoci. Babban jirgi ba ya kaiwa gaɓa a wasu wuraren, ƙaramin kwale-kwale ne zai ƙarasa da ku, kuma a ruwa za ka taka. A naɗe ƙafar wando, waya da fasfo su shiga leda.

Da ka sauka, salla tukuna, sannan komai. Ruwan teku yana tsarkakewa, ana alwala da shi. Ka nemi inuwa a gefen da babu cunkoso, ka shimfiɗa darduma. Babu wanda zai ce maka kanzil.

Abincin rana galibi a jere yake kowa ya ɗiba. Ka tsaya ka tambayi mai rabawa ɗaya bayan ɗaya. Lovo shi ne girkinsu na biki: a haƙa rami, a gasa duwatsu, a jera nama da kifi da gwaza da rogo a naɗe da ganye, a rufe da ƙasa na wasu awanni. Matsalar ita ce sau da yawa da naman alade a cikin ramin guda, don haka tambayar ba ta tsaya a kan abin da ke farantinka ba, har da abin da ya kwanta kusa da shi. Mafita mai sauƙi ita ce kifin da aka gasa daban, da rourou, wato ganyen gwaza da aka dafa da madarar kwakwa. Ka kuma gwada kokoda, a faɗa "kokonda": ɗanyen kifi ne da aka jiƙa a ruwan lemun tsami har ya yi fari kamar dafaffe, aka haɗa da madarar kwakwa, albasa, tumatir da barkono. Na san jin kalmar ɗanye kawai ya isa ya kori wasu. Cokali ɗaya dai.

Shiga ruwa

Yawancinmu a tudu muka tashi, wanda ya iya iyo ma a kogi ko dam ya koya. Teku daban ce. Ka karɓi rigar da ke hana nutsewa, ka ɗaure ta tamau, ko da yaran Turawa suna wucewa ta gabanka babu ita. Ba wurin nuna jarumta ba ne.

Za a ba ka tabarau mai rufe ido da hanci, da bututun numfashi. Ka ɗora tabaran a fuska ba tare da igiya ba, ka ja iska kaɗan ta hanci. In ya manne, daidai ne, in ya faɗo, a canza maka. Mai gashin baki zai sha fama da yoyon ruwa, ɗan man shafawa a kan gashin yana taimakawa. Ka fara a inda ruwa ya tsaya maka a ƙugu: ka ciji bakin bututun, ka sunkuya, ka yi numfashi ta baki a hankali sau goma. Jiki zai so ya firgita a karon farko, ka ba shi lokaci. In ruwa ya shiga bututun, ka hura da ƙarfi sau ɗaya ko ka ɗaga kai. Sai ka miƙe a kan ruwan, ka bar rigar ta ɗauke ka.

Abin da ke ƙasa shi ne dalilin zuwan. Murjani iri-iri, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwa, da ƙananan kifaye shuɗaye da rawaya suna shiga suna fita. In ka yi shiru za ka ji wani ƙas-ƙas a kunne kamar ana toya wani abu a nesa, halittun wurin ne ke cin abincinsu. Murjani rayayyen abu ne, taka shi yana kashe shi, kuma yankansa yana saurin ruruwa. Kada ka tsaya a kansa, kada ka ɗauki katantanwa mai siffar mazurari don wasunsu suna da dafi, kada ka sa hannu a rami. In ka ga maciji mai zoben baƙi da fari, mai dafi ne amma ba ya neman kowa da faɗa, ka ba shi hanya. Ka tsaya cikin iyakar da aka sa, ka nisanci inda ruwa ke fita ta tsagar murjani zuwa zurfi, don jan ruwa ya fi ƙarfi a can. Ka tambayi ma'aikata ko ruwa cikowa yake ko janyewa. Sau biyu yake yin haka a wuni, kuma in ya janye sosai wurin iyo yakan koma fili mai duwatsu.

Wanda ba zai shiga ba sam, tsibirai da yawa suna da kwale-kwale mai gilashi a ƙasa. Mata kuma doguwar rigar iyo mai rufe jiki ta fi hijabi mai faɗi aminci, don yadi mai yawa in ya sha ruwa nauyi yake yi ya naɗe ƙafa.

Kada baƙar fata ta ruɗe ka. Rana a kan ruwa ta sama take dukan mutum ta ƙasa kuma tana dawowa, ƙeya da bayan kunne da bayan ƙafa su ne ke fara ƙuna. Riga mai dogon hannu ta fi kowane mai. Minti arba'in a ruwa sun isa a karo ɗaya.

La'asar

Daga nan babu sauran aiki. Ka watsa ruwan daɗi ka wanke gishiri, ka sauya kaya, ka yi la'asar, ka nemi ragar kwanciya ko ka shimfiɗa zaninka a inuwa. Ka ɗaga kai ka duba tukuna, kada ka kwanta daidai ƙarƙashin kwakwa mai 'ya'ya. Za a yi ta kiran mutane zuwa wasan ƙwallo da tuƙin kwale-kwale da koyon saƙa. Ba laifi ba ne ka ƙi tashi. Ka sa ƙararrawar waya minti 20 kafin lokacin jirgi, don barcin bakin teku ba shi da alƙawari.

A watannin Yuni da Yuli rana takan faɗi kafin ƙarfe 6, don haka mai yiwuwa a kan jirgi za ta riske ka. Ka zauna ta baya ka kalli tsibiran suna komawa baƙaƙe. In ka dawo da sauran haske, ka ce tasi ta kai ka bakin tekun Wailoaloa. Yashinsa mai duhu ne, ba wurin iyo ba ne na a zo a gani, amma yamma yake kallo, kuma 'yan gari sukan fito da yara su yi wasa. Nan ma alƙibla tana gabanka, ɗan karkatawa kaɗan kawai.

Da daddare ka koma gari ka ci roti da miyar kori a gidan abinci mai shaidar halal, ka ce a ƙara barkono in kana so ya ji. Ba al'adarsu ba ce a bar wa ma'aikaci tukuici dole, sai in ka ga dama. A masauki ka duba ƙafa da gwiwa da kyau. Duk inda murjani ya karce, ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka sa maganin ciwo, in ya kumbura ko ya yi ja gobe ka nemi asibiti. Ka ɗauraye takalmin roba, ka shanya zani a baranda. Ƙarfe 9 na dare a Nadi ƙarfe 10 na safe ne a gida, kowa ya tashi, sai ka tura hotunan.